Kada A Ba Ɗan Wasa Usur

Shekara huɗu da suka wuce na rubuta wata 'yar manhajar lido ta waya, don 'yan gidanmu da aiki da aure suka warwatsa mu riƙa haɗuwa da daddare. Ba a yi sati biyu ba ƙanena ya kira ni wajen ƙarfe sha ɗaya na dare. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Yaya, tsakaninka da Allah, me ka sa a dayis ɗin nan? Jifa biyar na yi ban ga shida ba, shi kuwa wancan har ya fito da 'ya'ya biyu."

Na ce masa layin da ke jefa dayis ɗin da hannuna na rubuta shi, bai san sunan kowa ba. Na yi masa lissafi: da dayis biyu, yiwuwar mutum ya yi jifa biyar a jere bai ga shida ba ta kai kashi 16 cikin ɗari, wato kusan sau ɗaya cikin shida. Ya ce shi duk wannan bai dame shi ba. A dai gyara, in mutum ya yi jifa uku babu shida, a ta huɗu ta zo dole.

Wasan 'yan gida ne, ba a cin ko sisi. Amma rigimar da muka yi a daren nan ita ce ake yi a duk wani wasan dabaru da ake bugawa ta intanet, har waɗanda mutane ke ciyar da iyalansu da su. An ci ɗan wasa, ransa ya ɓaci, ya rantse dokar wasan ce ta cuce shi, kuma ya zo da maganin a aljihu. A 'yan shekarun nan an fara ɗaukar abin da nisa: wai tunda 'yan wasa su ne masu abin, a miƙa musu alƙalami su rubuta dokar da kansu. Ni ban yarda ba. Ɗan wasa yana da haƙƙin ya yi kuka, kuma wajibi ne a saurare shi. Amma ranar da aka miƙa masa usur, an cuci wasan, an cuci shi kansa.

Na san karin maganar da za a jefe ni da ita: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne. Sai dai duk wanda ya taɓa hawa rufin kwano ya san inda ruwa ke ɗiga a kan katifa ba lallai nan ne ƙusa ta huda ba. Ruwan yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya sauko. Mai ɗaki ya san inda ya jiƙe. Inda za a liƙe kuma aikin wanda ya hau sama ne. Mark Rosewater, wanda ya fi shekara ashirin yana jagorantar tsara wasan katin Magic: The Gathering, ya faɗi kusan haka a wata lacca da ya yi a 2016: masu buga wasanka gwanaye ne wajen gano matsala, amma ba su iya warware ta ba.

Sid Meier, mutumin da ya ƙirƙiro Civilization, ya ba da wani labari a taron masu ƙera wasanni na 2010 a San Faransisko, kuma ban taɓa mantawa da shi ba. Lokacin da suke gwajin Civilization Revolution, kafin kowane yaƙi wasan yakan nuna wa mutum ƙarfinsa da na abokin gaba, misali uku da ɗaya. A lissafi, mai uku zai sha kaye sau ɗaya cikin huɗu. Amma duk lokacin da hakan ta faru sai mai gwajin ya zo yana cewa an yi masa coge. In kuwa shi ne mai ɗaya ya ci mai uku, babu ƙorafi, dabararsa ce ta yi aiki. Har ta kai mutum ya yarda a ci shi jefi-jefi in ƙarfin biyu ne da ɗaya, amma ba zai lamunta ba in ashirin ne da goma, alhali abu ɗaya ne. Meier ya bi su. Ya lanƙwasa lissafin a ɓoye yadda zai dace da abin da zuciyar ɗan wasa ke tsammani.

Ban ga laifinsa ba, domin a can abokin karawar kwamfuta ce, ita kuwa ba ta kiran kowa da daddare ta yi ƙorafi. Amma da zarar mutum biyu ne suka zauna, wannan ƙofar ta rufe. Duk abin da ka ƙara wa wannan, daga aljihun wancan ka ciro shi. Shidan dole da ƙanena ya nema, da na ba shi, ranar da ta fito wa abokin karawarsa ta cinye masa ɗa a bakin gida shi ne zai fara kirana.

Inda wannan magana ta fi fitowa fili shi ne StarCraft, wasan yaƙi na kamfanin Blizzard. Ga wanda bai san shi ba: mutum biyu ne, kowa ya gina sansani, ya tara dukiya, ya haɗa runduna, ya rushe na ɗan'uwansa, duk a lokaci guda ba tare da jiran bi da bi ba. Ƙabilu uku ne a ciki, Terran da Zerg da Protoss, kuma babu wadda kayan yaƙinta suka yi kama da na wata. Daɗin wasan ke nan, kuma tushen rigimarsa ke nan. A dara, 'ya'yana da naka iri ɗaya ne, babu mai cewa tsakuwa ta fi kara ƙarfi. A nan kuwa kowa na iya rantsewa ƙabilarsa aka danne, kuma babu hanyar da za ka ƙaryata shi cikin minti biyar.

Wasan na farko ya fito a 1998, ƙarinsa mai suna Brood War ya biyo baya a ƙarshen shekarar, kuma a Koriya ta Kudu ya zama sana'a, ana nuna shi a talabijin kamar ƙwallo. Gyara na ƙarshe da kamfanin ya yi wa ƙarfin rundunonin shi ne na 2001. A sana'armu irin wannan gyaran faci muke ce masa, kamar dai facin taya. Daga nan ba a sake taɓa lambobin ba. Zuwa 2006 kusan kowa ya sallama cewa Protoss ba ta iya ja da Zerg a matakin ƙwararru, musamman in wanda ke riƙe da Zerg ɗin shi ne Ma Jae-yoon, da ake wa laƙabi da Savior, wanda a lokacin babu mai tsaya masa. Ranar 3 ga Maris 2007 ya haɗu a wasan ƙarshe na gasar MSL da wani yaro ɗan shekara 17, Kim Taek-yong, wanda ake kira Bisu. Yaron ya ci shi uku ba ko ɗaya.

Ku dubi yadda ya yi. Protoss tana da wasu mayaƙa masu takobi da ido ba ya ganinsu. Zerg kuma tana dogara ne da wasu halittu masu shawagi a hankali a sama, su ne idonta na ganin abin da ya ɓuya. Bisu ya haɗa ƙananan jirage masu sauri ya riƙa farautar halittun nan, ya makantar da abokin karawarsa, sannan ya tura masu takobin suka shiga gida. Jiragen nan da masu takobin nan suna cikin wasan tun 1998. Shekara takwas da 'yan kai maganin yana ajiye a gaban kowa. Da a ce a 2005 kamfanin ya bi kukan jama'a ya rage wa Zerg ƙarfi, da an kwantar da hankalin masu ƙorafi na wata biyu, kuma da daren nan bai faru ba. Har yau 'yan Koriya juyin juya hali suke kiransa. Wannan shi ne abin da masu neman faci duk sati ba su lissafawa: in ka saba wa mutane cewa kuka yana sauya doka, sun daina zama su yi tunani ke nan, domin rubuta ƙorafi ya fi atisaye sauƙi.

Kada in ɓoye wani abu. Brood War bai zauna haka kawai babu mai taɓa shi ba. Masu shirya gasa sun riƙa sauya taswirorin da ake fafatawa a kansu, a matse hanya nan, a faɗaɗa can, kuma hakan yana karkata wasan. Amma taswira tana da wa'adi, in ta ɓaci a jefar da ita a kaka mai zuwa, kuma wanda zai buga wasan ƙarshe ba shi ke zana ta ba.

StarCraft II ya fito a 2010, shi kuma aka bi da shi ta ɗaya hanyar, faci bayan faci. A watan Mayun 2012 masu Zerg suna kukan cewa ana kai musu hari tun da wuri kafin su miƙe. Sai kamfanin ya ƙara wa wata halittarsu mai tsaron gida, Sarauniya, nisan harinta a ƙasa daga 3 zuwa 5. Abin da ya biyo baya shi ne mai Zerg ya daina buƙatar runduna a farkon wasa, Sarauniyoyi sun ishe shi tsaro, sai ya zuba komai a tara dukiya, ya isa ƙarshen wasa da wuri da wata haɗakar runduna da ta gagari kowa. Watannin da suka rage kafin sabon kashi na wasan ya fito a Maris 2013, har yau masu kallo na tuna su a matsayin lokacin da wasan ya fi gundura. Garin neman gira aka rasa ido.

Mai ja da ni zai ce, to ai ga shi ƙwararrun naku ma sun kwafsa. Sun kwafsa ƙwarai. Mutane ne da ake biya albashi, suna da bayanan wasannin da aka buga a duk duniya, suka yi gwaji, kuma duk da haka ba su hango inda ruwan zai ɓulla ba. To ina ga wanda aka ci sau uku a jere, ƙarfe ɗayan dare, bai ga komai ba sai allon wayarsa ko kwamfutarsa? Sannan akwai wani abu da ya fi wannan. A lokacin kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. David Kim ne ke jagorantar daidaita wasan, sunansa aka sani, shi ya sha zagi na shekaru, da wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba. Ba ya buga gasa. Ko Zerg ta ci ko ta faɗi, albashinsa ɗaya ne.

A Oktoban 2020 Blizzard ta sanar da cewa ta daina ƙera sababbin kayan sayarwa na wasan. Daga 2022 kuma sai facin daidaito ya koma fitowa daga wani rukuni na ƙwararrun 'yan wasa da masu shirya gasa, wanda aka riƙa kira majalisar daidaito. Mutane da yawa suka yi murna, wai wasa ya dawo hannun masu shi. Ni abin da na gani daban ne. Kamfani ya janye ma'aikatansa, ya bar wa kwastomomi aikin, aka sa wa abin rigar girmamawa. Kuma a jikin sanarwar gyare-gyaren ba ka ganin jerin sunayen waɗanda suka yanke hukunci, balle ka san wa ya kawo wace shawara.

Ban ce an ba kura ajiyar nama ba. Mutanen nan sun fi kowa sanin wasan, kuma ba ni da hujjar cewa wani ya yi maguɗi. Tsarin nake tuhuma. A gasar da aka yi a Riyad a 2024, dala miliyan ɗaya aka raba a StarCraft II, Clem ɗan Faransa da ya zo na ɗaya ya tafi da dala 400,000. Ka ɗauki mutumin da kuɗin hayarsa ya rataya a kan ƙabila ɗaya, wadda ya shafe shekara goma yana horar da yatsunsa a kanta, ka ce ya zauna ya faɗi ko ta yi ƙarfi da yawa. Ko waliyyi ne, idonsa ya riga ya saba ganin wahalar gidansu da sauƙin gidan maƙwabci. Ko da kuwa ya yi adalci tsantsa, babu mai yarda, kuma dokar da ba a yarda da mai yin ta ba ta riga ta raunana. A ƙwallo ba a ba kyaftin usur don ya fi rafali iya buga ƙwallo. Kowa ya san ya fi shi.

Akwai kuma tambayar da ƙwarewa ba ta amsawa. A gasar duniya ta BlizzCon, Rogue ya ci a 2017, Serral ɗan Finlan ya ci a 2018, Dark ya ci a 2019, dukkansu Zerg. Rabon ɗan Protoss da wannan kofi tun sOs a 2015. Amma sauko ƙasa wajen irinmu, masu buga wasa ɗaya ko biyu bayan an tashi aiki, kukan da ka fi ji shi ne Protoss ta yi sauƙi, ana cin mutum da ita ba tare da gumi ba. Dukkan ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa. Abin da yake tuwo ga mai yatsu masu saurin walƙiya, dutse ne ga mai matsakaicin hannu. To wasan wa za a gyara, na mutum talatin da ake kallo, ko na dubban da ke kallonsu? Wannan zaɓi ne, wani zai yi asara ko ta yaya aka yi. Majalisar da ƙwararru suka cika ta riga ta amsa tambayar tun kafin a zauna. Ƙuri'ar jama'a ma ta riga ta amsa, ta ɗaya gefen.

Hujja mafi ƙarfi da masu ra'ayin ƙuri'a ke da ita ita ce Old School RuneScape na kamfanin Jagex da ke Ingila. Tun da aka buɗe shi a 2013, sabon abu ba ya shiga sai 'yan wasa sun kaɗa ƙuri'a, da farko sai an samu kashi 75 cikin ɗari, daga baya aka sauko zuwa 70. Kuma wasan yana raye, yana bunƙasa. Na yarda. Amma a karanta ƙananan rubutun: kamfanin ya riƙe wa kansa ikon yin gyaran da ya shafi lafiyar wasan ba tare da ƙuri'a ba, kuma a 2021 ya yi amfani da shi ya rage ƙarfin wani makami da kusan kowa ke ji da shi. Sun san abin da kowa ya sani. Mutane za su zaɓi a ƙara musu, ba za su taɓa zaɓar a rage musu ba. Gidan da ya fi kowa yarda da ƙuri'a ma, da aka zo kan daidaito, usur ɗin a aljihunsa ya bar shi.

Yanzu bari in juyo kan 'yan sana'armu, don kada su ɗauka na wanke su. Akwai wata mummunar ɗabi'a da muke da ita: mutum ya zo da kuka, mu buɗe jadawali mu ce kowane ɓangare yana cin kashi 50 cikin ɗari, saboda haka babu matsala, je ka ƙara koyo. Wannan rainin hankali ne. A mafi yawan wasannin nan manhajar ce ke haɗa ka da wanda kuke kai ɗaya, in kana ci ta kawo maka wanda ya fi ƙarfi, in kana faɗuwa ta kawo mai rauni. Dole ka ga hamsin da hamsin, ko da ɓangare ɗaya yana gumi ninki biyu kafin ya samu nasa. Kuma ko lambar ta yi daidai, wasa na iya zama azaba. Jefa kwabo sama ma hamsin da hamsin ne, wa ke kwana yana buga shi? Ruwa ba ya tsami banza. In mutum ɗari da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, akwai wani abu a wurin, ko da duk bayanin da suka bayar kuskure ne.

Abin da nake nema a wurin mai wasa bai wuce abin da masu Go suka yi ba. A wannan tsohon wasa na ƙasar Sin, mai baƙaƙen 'ya'ya ne ke farawa, kuma farawa riba ce. Sai aka riƙa ba mai farare wasu maki na diyya. A Japan an yi zamanin 4.5, aka koma 5.5, a 2002 aka mayar da shi 6.5, bayan an duba sakamakon wasannin ƙwararru na shekaru an ga har yanzu mai farawa na rinjaye. Rabin makin kuma don kada a yi canjaras ne. Shekaru ake yi tsakanin gyara da gyara. Hukuma ce sananniya ta yanke, ta faɗi dalili, kowa ya san daga ranar da dokar za ta fara aiki. A saurari kowa, a jira a ga ko wani Bisu zai fito, in bai fito ba a taɓa abu ɗaya, a rubuta dalili da harshen da ɗan wasa zai gane, a sa suna a ƙasa. In kamfani ba zai iya biyan mutum biyu ko uku su yi wannan aikin ba, gara ya ɗaga hannu gaba ɗaya kamar yadda aka yi wa Brood War, ya bar mutane da taswirorinsu.

Ƙanena kuwa, ban ba shi shidan dole ba. Na zauna na kalli wasanninsu na kwana uku, sai na gane abin da ke cinsa: zaman banza ne, 'ya'yansa huɗu duk suna gida, yana danna allo yana kallon wasu suna tafiya. Na sa doka cewa duk wanda ba shi da ɗa ko ɗaya a waje yana da jifa uku a zagaye ɗaya, kowa da kowa, na rubuta dalili na tura wa 'yan gida. Dayis ɗin ban taɓa shi ba. Bayan sati ɗaya ya sake kira, wannan karon da gaisuwa.

"Yaya, abin ya yi. Sai dai yanzu in ka cinye wa mutum 'ya'yansa duka, kafin ka juya ya sake fitowa. A ɗan rage."